CIWON BAYA: AMFANIN BEL, GYARAN ZAMA DA MOTSA JIKI

Bayani ga al'ummar Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Gabatarwa

Da wuya a shiga gida a ƙananan hukumomin Gusau, Tsafe da Bunguɗu ba a tarar da mai kukan ciwon baya ko ciwon ƙugu ba. Manomin da ya yini duƙe da fartanya lokacin noman firi da maimai, da matar da ta yi daka ta ɗebo ruwa da goyo a bayanta, da ɗan dakon da ke sauke buhunan hatsi ranar kasuwa, da ɗan kabu-kabun da ke faɗawa ramukan hanya tun safe, har ma da ma'aikacin da ke yini bisa kujera a Sakatariyar J.B. Yakubu, kowannensu ya san wannan ciwo. Saboda yawansa, wasu sun ɗauke shi tamkar gadon talaka, suna haƙuri har sai ya kwantar da su. Wasu kuma suna zuba kuɗinsu wajen sayen bel ɗin ɗaure ƙugu da ƙwayoyin kashe zafi, ciwon ya lafa kwana biyu ya sake dawowa.

A jihar da noma ne abin alfaharinta, ciwon baya ba ƙaramar asara ba ce. Magidancin da bayansa ya riƙe a watan Yuli, ciyawa ba za ta jira shi ya warke ba, kuma abin da gonar ta rasa a makonni biyun nan iyali ne za su ji shi a rumbu. Manufar wannan bayani ita ce a fayyace wa jama'a abin da ke kawo ciwon, da alamomin da ke wajabta garzayawa asibiti, da gaskiyar abin da bel yake iya yi, da kuma irin motsa jikin da kowa zai iya yi a ɗakinsa ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Girman matsalar

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 a shekarar 2050, kuma Afirka da Asiya ne za su fi samun ƙaruwar. Babu wata lalura da ta kai shi hana mutane gudanar da harkokinsu na yau da kullum. Sai dai akwai abin kwantar da hankali: kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, idan aka bincika, ba a samun karaya ko wata muguwar cuta a tare da su. Gajiyar tsoka ce da tsamin gaɓoɓi, kuma mafi yawansu sukan sami sauƙi sosai cikin makonni shida.

Yadda ƙashin baya yake

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa 33 ne da aka ɗora bisa juna: 7 a wuya, 12 a daidai haƙarƙari, 5 a ƙasan baya, sauran 9 kuma sun manne da juna a ƙugu zuwa ƙashin mazaunai. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifan guringuntsi mai taushi, wanda aikinsa ya yi kama da na gammo tsakanin kai da tulu. Ta cikin jerin ne laka ta ratsa tun daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi kuma suna fitowa daga gare ta zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara. Wannan ne dalilin da ya sa matsalar da ke ƙugu take iya saukar da zogi har zuwa tafin ƙafa.

Ƙasusuwa 5 na ƙasan baya su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin gangar jiki, don haka a nan ciwo ya fi zama. Abin da ke riƙe da su kuwa shi ne tsokokin da suka kewaye ciki da kuiɓi da gadon baya da ɗuwawu. Waɗannan tsokoki su ne ɗamarar da aka halicci mutum da ita. Idan suna da ƙarfi da juriya, baya yakan jure aiki mai yawa. Idan suka gaji ko suka yi sanyi saboda rashin amfani, ƙaramin kuskure kamar ɗaga bokiti a karkace ya isa ya riƙe wa mutum ƙugu.

Abubuwan da ke kawo ciwon

Na farko shi ne nauyin da ya wuce kima. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ƙiyasta cewa kilo 23 ne iyakar abin da ya dace mutum ɗaya ya riƙa ɗagawa, shi ma idan kayan na kusa da jiki kuma ba a duƙa sosai ba. Jarkar ruwa mai lita 25 ta riga ta zarce wannan. Buhun taki ko na siminti kilo 50 ne, wato ya ninka sau biyu har da ɗoriya, babban buhun masara ko dawa kuwa yakan kai kilo 100.

Na biyu shi ne daɗewa a yanayi guda. Duƙawar noma, da tsugunon wanki, da zaman tela a bakin keke, da zaman ofis, duk hukuncinsu ɗaya: tsokar da aka bari a miƙe ko a takure na sa'o'i sai ta yi tsami. Na uku shi ne jijjigar babur da mota a hanya mara kyau. Akwai kuma ƙiba, da shan taba, da juna biyu, da yawan shekaru. Har ila yau, bincike ya tabbatar da cewa damuwa da rashin isasshen barci suna ƙara wa ciwo tsanani da daɗewa, abin da ya kamata a kula da shi ga iyalan da matsalar tsaro ta raba da muhallansu ko ta hana su kwanciyar hankali.

Alamomin da ba a jinkiri da su

Kafin a yi maganar bel ko motsa jiki, wajibi ne a tantance ciwon da ke buƙatar likita. Duk wanda ciwon bayansa ya zo da ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, to ya tafi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba:

1. Kasa yin fitsari, ko zubar fitsari ko bayan gida ba da saninsa ba.
2. Mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, al'aura ko dubura.
3. Raunin ƙafa da ke ƙaruwa, ko jan ƙafa wajen tafiya.
4. Ciwon da ya biyo bayan haɗarin mota ko babur, ko faɗowa daga itace, gini ko rijiya.
5. Zazzaɓi, gumin dare, rama, ko tarin da ya wuce mako biyu.
6. Wani tudu ko doro da ya fara fitowa a tsakiyar baya.
7. Ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, wanda ke tayar da mutum cikin dare, musamman ga tsoho ko wanda ya taɓa yin ciwon daji.
8. Ciwon kuiɓi tare da zafin fitsari ko jini a fitsari.

Alamomi ukun farko suna nuna cewa wani abu ya danne jijiyoyi, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin mutum da nakasa ta dindindin. Wanda ya yi haɗari kuwa, kada a zaunar da shi ko a ɗora shi bisa babur. A kwantar da shi a miƙe bisa ƙofa ko faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa, sannan a ɗauke shi.

Alama ta biyar da ta shida suna buƙatar ƙarin bayani, domin mutane da yawa ba su san cewa ƙwayar cutar tarin fuka tana kama ƙashin baya ba. Takan ci ƙashin a hankali cikin watanni har ya rufta, doro ya fito, daga bisani ƙafafu su shanye. Sau da yawa akan danganta wannan da sammu ko iska, a yi ta tsaga da ƙaho har lokaci ya ƙure. Alhali cutar tana warkewa idan an gano ta da wuri, maganinta kuma kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, sai dai shansa yakan kai shekara guda kuma ba a yanke shi. Haka kuma masu amosanin jini, wato sikila, ciwon bayansu na iya zama tashin cutar, don haka asibiti ne wurin zuwansu.

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya mafi kusa, ko babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu. Daga nan akan tura mai buƙata zuwa Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura ko Asibitin Tarayya da ke Gusau. Aikin da ya fi ƙarfin waɗannan akan kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin alamomin nan, galibi ba ya buƙatar hoto. Wani nazari da aka buga a 2015 ya tattara hotunan bayan mutanen da ba sa jin ciwon komai, sai aka ga alamar zaizayewar faifai a jikin kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 cikin 100 na 'yan shekara 80. Ke nan zaizayewar da hoto ke nunawa sau da yawa furfurar ƙashi ce kawai, ba dalilin tayar da hankali ba.

Gaskiyar lamari game da bel

Bel iri biyu ne suka fi yawo a kantunan magani da kasuwanni da tallace-tallacen Facebook da WhatsApp. Akwai faffaɗan nan da ake ɗaurawa a ƙugu, akwai kuma mai zagaye kafaɗu wanda ake cewa yana miƙar da mai ranƙwafawa. Ba a musun cewa wanda ya ɗaura bel yakan ji ɗumi da ɗan tallafi, yakan kuma tuna da bayansa kafin ya duƙa. Abin tambaya shi ne, shin yana hana ciwon zuwa, ko yana warkar da shi?

An gwada wannan a fili. A shekarar 2000 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka da ya bi diddigin ma'aikata fiye da 13,000 masu ɗaga kaya a manyan kantuna 160. Ba a sami bambanci ba tsakanin masu ɗaura bel kullum da waɗanda ba sa ɗaurawa, ta fuskar jin rauni ko kukan ciwon baya. A 2016 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta umarci likitoci da kada su riƙa bayar da bel domin ciwon ƙasan baya. A watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko game da ciwon bayan da ya wuce wata uku, inda ta sanya bel cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar a riƙa amfani da su ba, ta kuma sanya ilimantar da majinyaci da motsa jiki da tausa cikin abubuwan da ta amince da su.

Babban haɗarin bel shi ne ruɗin da yake jawowa. Ɗan dako ya ɗaure ƙugu sai ya ga kamar zai iya da buhun da ya kamata mutum biyu su kama, alhali bel bai rage ko mudu ɗaya daga nauyin buhun ba. Wani kuma ya saba da shi har ya ji tsoron motsi in babu shi. Mafi muni shi ne mai tarin fukan ƙashi ko ciwon ƙoda da zai ɗaura bel ya zauna gida, cutar tana ci gaba da aikinta. Shi ma na kafaɗa, da zarar an kwance shi jiki yakan koma yadda ya saba, domin bai koya wa tsoka komai ba.

Inda bel yake da amfani

Wannan ba ya nufin bel ba shi da muhalli a asibiti. Likita yakan sa a ɗaura mai tauri ga wanda ya karye a ƙashin baya, ko aka yi masa tiyata, ko tarin fuka ya raunana masa ƙashi, domin a tsare wurin har ya haɗe. Irin wannan gwada shi ake yi a jikin mutum, a kuma faɗa masa ranar cirewa. Mai juna biyu da ciwon ƙugu ya dama ita ma tana iya samun sauƙi da bel ɗin da aka yi domin masu ciki, bisa shawarar ma'aikatan awo.

Sai kuma yaran da bayansu ke karkacewa gefe lokacin girma, yawanci tsakanin shekara 10 zuwa 15, kuma ya fi tsananta ga 'yan mata. Wani bincike da aka buga a 2013 ya nuna cewa kashi 72 cikin 100 na yaran da aka sanya wa rigar gyaran baya ba su kai matakin tiyata ba, a yayin da kashi 48 ne kawai suka tsira a cikin waɗanda aka zuba wa ido. Uwa tana iya dubawa a gida: yarinya ta haɗe ƙafafu ta sunkuya, idan ɓangare ɗaya na haƙarƙari ya fi ɗayan tudu, ko kafaɗa ɗaya ta fi tsawo in ta miƙe, sai a kai ta asibiti. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin rigar ba ta aiki bayan ƙashi ya gama girma.

Wanda ya riga ya sayi bel kuma yana jin daɗinsa, yana iya ɗaura shi na 'yan sa'o'i a kwanakin farko na tashin ciwo ko lokacin doguwar tafiya, amma kada ya kwana da shi, kada kuma ya ƙara nauyin kaya saboda shi.

Gyaran zama, tsayuwa da ɗaukar kaya

A da akan koyar da cewa akwai zama guda ɗaya da ya dace, wato a miƙe ƙyam. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa daɗewa ba motsi ya fi siffar zaman illa. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce a riƙa sauya yanayi duk bayan rabin sa'a ko makamancin haka.

Manomi ya mayar da ƙarshen kowace kunya wurin miƙewa: ya tsaya, ya dafa ƙugu da hannu biyu, ya ɗan lanƙwasa baya sau uku ko biyar kafin ya juya. Idan zai duƙa, ya buɗe ƙafafu, ya sassauta gwiwa, ya karya daga ƙugu gadon baya yana shimfiɗe kamar na mai ruku'u. Ƙara wa ƙotar fartanya tsawo yana rage zurfin duƙawa, kuma maƙeri ko masassaƙi na gari zai iya yin wannan. Masu noman rani a fadamun Gulbin Sakkwato su ma su riƙa karɓa-karɓa tsakanin ban ruwa da cirar ciyawa maimakon a yini a kan aiki guda.

Mata su ɗora bahon wanki ko kwanon wanke-wanke bisa benci ko kifaffen turmi domin ya taso, su zauna bisa kujera 'yar tsuguno maimakon sunkuyo a tsaye. Tsintsiya mai dogon mariƙi ta fi gajera sauƙi ga ƙugu. A ɗaure goyo sama kuma ya manne da jiki, sannan a guji haɗa goyo da babbar jarka a kai. Sawu biyu da rabin jarka ya fi sawu ɗaya da cikakkiya. Kada a ɗora wa yara ƙanana tulu ko tallan da ya fi ƙarfinsu.

Wajen ɗaga kaya, a matso da shi jikin mutum, a tsuguna a tashi da ƙarfin cinyoyi, a kuma juya da ƙafafu maimakon murɗa ƙugu. Amma a sani cewa iya ɗagawa ba ya mayar da kilo 100 ya zama kilo 20. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: babban buhu na mutum biyu ne, ko na baro da amalanke.

Ma'aikacin ofis da tela da direba su zauna har ƙarshen kujera, tafin ƙafa a ƙasa, su naɗe ɗan tawul ko ƙyalle su sa a kwarin baya. A cire walat ko waya daga aljihun baya kafin a zauna. Mai duba waya ya ɗago ta zuwa fuska maimakon ya sunkuyar da wuya. Wajen kwanciya, mai kwana ta gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyi, mai kwana rigingine ya sa shi ƙarƙashin gwiwoyi. Katifar da ta lotsa a tsakiya gara tabarma da bargo a kanta.

Motsa jiki

Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje da dama, ya gano cewa motsa jiki yana rage yiwuwar tashin ciwon baya da kimanin kashi 35 cikin 100, idan kuma aka haɗa da ilimantarwa ya kai kimanin kashi 45. Bel bai nuna irin wannan amfani ba. A 2024 mujallar The Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ostareliya da mutum 701 da ba su daɗe da warkewa daga ciwon baya ba. Waɗanda aka ɗora bisa tsarin tafiya a ƙasa tare da nasiha sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya sake hana su aiki, sauran kuwa kwana 112.

Manomi na iya cewa aikin gona ai ya ishe shi motsa jiki. Gaskiya ne yana da ƙarfi, sai dai noma yana maimaita motsi guda ne dubban sau, yana gajiyar da wasu tsokoki ya bar wasu. Abin da yake buƙata shi ne motsin da zai warware abin da duƙawa ta ɗaure, da kuma ci gaba da motsi a lokacin rani, domin kada damina ta same shi da sanyin jiki. Ga guda shida da za a iya yi bisa tabarma cikin minti 10 zuwa 15, safe ko yamma:

1. Jawo gwiwa. A kwanta rigingine, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannu biyu, a ƙirga 20, a sauya ƙafa. Sau 3 kowane ɓangare.

2. Karkata gwiwoyi. Ana kwance, gwiwoyi a tanƙwashe kuma a haɗe, a karkatar da su dama sannan hagu a hankali, kafaɗu na manne da ƙasa. Sau 10.

3. Ɗaga ƙugu. Ana nan kwance, tafin ƙafa a ƙasa, a matse ɗuwawu a ɗaga ƙugu har cinya da ciki su daidaita, a ƙirga 5, a sauke. Sau 10.

4. Doro da kwari. A durƙusa bisa gwiwoyi da tafin hannu kamar mai rarrafe, a turo baya sama, sannan a sake shi ya lotsa. Sau 10, ba gaggawa.

5. Miƙa hannu da ƙafa. Daga wannan durƙuso, a miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, a tsare ƙugu kada ya karkata, a ƙirga 5, a sauya. Sau 5 kowane ɓangare.

6. Tafiya a ƙasa. A fara da minti 10, a riƙa ƙarawa har a kai minti 30, kwana 5 a mako. Wannan ya yi daidai da minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga baligi a kowane mako. Matan da ba sa fita suna iya zagaya tsakar gida.

Ɗan tsamin jiki a kwanakin farko ba abin damuwa ba ne. Amma idan zogi ya sauka ƙafa, ko ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, a dakata a ga ma'aikacin lafiya. Mai juna biyu da wanda aka yi wa tiyata su nemi shawara kafin su fara. Ba a ganin amfanin a kwana uku, sai an jure makonni shida zuwa takwas. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ciwonsa ya wuce wata uku ya nemi a tura shi sashen gashin ƙashi, inda za a tsara masa motsin da ya dace da shi.

Idan ciwon ya taso

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwanciya mako guda ana jiran sauƙi. Doguwar kwanciya tana ƙara sandarewar baya ne. A huta kwana ɗaya ko biyu idan ya tsananta, amma a riƙa tashi ana takawa, a koma ƙananan ayyuka da wuri. Gasa wurin da tsumma mai ɗumi na minti 15 zuwa 20 yana taimakawa, haka ma tausa mai sauƙi. Ruwan kada ya kai zafin da zai ƙona fata, musamman ga mai ciwon suga.

Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma na 'yan kwanaki ne, bayan cin abinci, kuma bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Yawan shansu yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, kuma ba su dace da mai juna biyu ko mai olsa ko ciwon ƙoda ba. A guji haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ana talla a kasuwa da tasha. Tramadol kuwa, wanda wasu matasa ke sha domin su jure aikin ƙarfi, yana ɓoye gargaɗin da jiki ke bayarwa, yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Tsaga da ƙaho da aska ɗaya ga mutane da yawa na iya yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Maɗori kuma kada ya ja ko ya taka bayan da ake zaton ya karye.

Kira ga shugabanni da jami'ai

Akwai rawar da hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da jami'an ƙananan hukumomi za su taka, kuma mafi yawanta ba ta buƙatar kasafin kuɗi. Sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan dako su sa dokar kama babban buhu mutum biyu, su ƙarfafa amfani da baro da ƙananan buhuna. Sarakunan noma da malaman gona su sanya maganar miƙewa da tsawon ƙota cikin faɗakarwar farkon damina. Gyaran famfon burtsatse da ya lalace a tsakiyar gari yana rage wa mata da yara nisan ɗaukar ruwa, don haka shi ma aikin lafiya ne. Shugabannin makarantu su lura da yaran da bayansu ya karkace su sanar da iyaye. Jami'an lafiya na matakin farko, ciki har da ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe da ke fita aikin koyo, su riƙa tambayar alamomi takwas ɗin nan ga duk mai ciwon baya, su koya masa motsa jiki kafin su rubuta magani. Idan kuma aka ga wani a gari yana rama, doro na fito masa, to mai unguwa ya tsaya tsayin daka har sai an kai shi gwajin tarin fuka.

Kammalawa

Mafi yawan ciwon baya yana warkewa, kuma baya ya fi son motsi da zama. Bel kayan asibiti ne da likita ke bayarwa domin wata lalura ta musamman da wa'adi sananne. Ga sauran jama'a, tsokar ciki da ta ƙugu ce abin dogaro, ita kuwa da motsa jiki ake gina ta. A rage nauyin kaya, a riƙa sauya zama, a taka ƙasa kowace rana, a kuma garzaya asibiti da zarar an ga ɗaya daga cikin alamomin haɗari. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan bayani ya isar da shi ga waɗanda ba su samu karantawa ba, a majalisa, a kasuwa da cikin gida. Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.